Murya Biyu, Amana Ɗaya: Sharhi Kan Kundin Farko Na Maddie Da Tae

   

Yau za mu yi tafiya mai nisa. Za mu je Amurka, birnin Nashville na jihar Tennessee. A can za mu tarar da wasu 'yan mata biyu mawaƙa, Maddie da Tae. A watan Agustan 2015 suka fitar da kundin waƙoƙinsu na farko mai suna Start Here. Kundin nan za mu duba a yau, tare da ƙawancen da ke bayansa.

Ga maganar da zan kafa tun daga farko, ku riƙe ta. Ƙawancen nan shi ya haifi kundin nan. Amana ce ta zo da fari, waƙa ta biyo baya. Zan maimaita wannan magana a hanya, domin ita ce zuciyar sharhinmu na yau.

Bari mu fara da kiɗan kansa. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa mu da kiɗan kantiri? Waɗanda suka ɗan manyanta sun san amsa. Muryar Don Williams da ta Dolly Parton da ta Kenny Rogers ba baƙi ba ne a gidajen rediyon Najeriya. Mutane da yawa sun tashi suna jin su, ko da ba su fahimci kowace kalma ba.

Kiɗan kantiri na mutanen karkara ne na kudancin Amurka. Kiɗan manoma ne da makiyaya da masu haƙar kwal da direbobin manyan motoci. Ana yin sa da jita, da goge irin na Turawa, da banjo. Shi banjo ɗin ma asalinsa kayan kiɗa ne na ƙwarya da tsirkiya, waɗanda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka riƙa ƙerawa a can. Abin da ya fi fice a kiɗan shi ne labari. Mawaƙi zai ba ka labarin gida, da kewar mahaifa, da soyayya, da rashi, da neman na kai. Idan aka haɗa wannan da kayan kiɗan zamani da amshi mai saurin kama baki, shi ne ake kira kantiri na pop.

Nashville ita ce cibiyar wannan sana'a. Tun 1925 ake watsa shahararren shirin nan na Grand Ole Opry ta rediyo daga birnin. A can rubuta waƙa aiki ne kamar na ofis. Marubuta biyu ko uku za su sa lokaci, su haɗu a ɗaki, su zauna da jita har waƙa ta fito. Sannan a kai ta gidajen rediyo. A shekarun da muke magana a kai, rediyo ke ɗaga mawaƙin kantiri, rediyo ke ajiye shi. Ku riƙe wannan ma, za mu dawo gare shi.

To, su wane ne Maddie da Tae? Maddie Marlow 'yar garin Sugar Land ce, kusa da birnin Houston a jihar Texas. Taylor Dye, wadda ake kira Tae, 'yar garin Ada ce a jihar Oklahoma. Dukansu an haife su a 1995. Ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba, ba su haɗa makaranta ba. Tsakanin garuruwansu tafiyar sa'o'i da yawa ce a mota. Abin da ya haɗa su malamin horar da murya ne, wanda kowacce take zuwa wurinsa. Sun haɗu a wani taron nuna basirar ɗalibai a birnin Dallas, suna da shekara 15. Jininsu ya haɗu. Suka fara rera waƙa tare, suka fara rubutu tare.

Ku lura da lokacin, jama'a. A wannan lokaci babu kamfani, babu kuɗi, babu wanda ya san sunansu. Yara ne 'yan sakandare. Ranakun mako suna aji. Ƙarshen mako kuma sukan kama hanyar Nashville don su zauna da marubuta su koyi sana'a. Sa'anninsu na hutawa, su suna kan hanya. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, kuma yaran nan sun taka. Da suka gama sakandare sai suka tattara suka koma Nashville da zama a 2013. Kowacce ta bar iyayenta da garinsu. A baƙon birni, kowacce ta zama dangin 'yar'uwarta.

Shi ya sa na ce amana ce ta zo da fari. Shekaru suka yi suna gina ƙawancen kafin duniya ta ji muryarsu.

Wannan ke nan. Yanzu mu juya ga halin da suka tarar a Nashville.

A shekarun 2013 da 2014 wani salo ya mamaye rediyon kantiri. Waƙoƙin samari ne, kuma kusan duk labarinsu ɗaya. Saurayi da motarsa ta a-kori-kura, da giya, da shagalin daren Juma'a a bakin kogi. Sai kuma yarinya. Yarinyar nan ba ta da suna, ba ta da magana. Aikinta ta sa gajeren wando, ta shiga mota ta zauna a gefe, a yaba surarta. Wani marubuci mai suna Jody Rosen ya laƙaba wa salon suna bro-country a mujallar New York a 2013, sunan kuwa ya bi shi. Waƙoƙin suna sayuwa, rediyo na juya su dare da rana. Wanda duk ke neman shiga sana'ar ya san ba a taɓa su.

Maddie da Tae suna jin waƙoƙin nan kamar kowa. Suna ma son kiɗansu. Amma abu ɗaya ya riƙa ci musu tuwo a ƙwarya. Yarinyar da ake kwatantawa ba ta yi kama da su ba, ba ta yi kama da iyayensu mata ba, ba ta yi kama da ƙawayensu ba. A watan Maris na 2014 suka zauna da wani marubuci, Aaron Scherz. Suka jera abubuwan da waƙoƙin nan ke ta nanatawa. Sannan suka yi tambaya mai sauƙi. Idan yarinyar nan ta buɗe baki, me za ta ce? Amsar ita ce waƙarsu ta farko, Girl in a Country Song.

A cikin waƙar, yarinyar ta yi magana. Ta nuna tana da suna. Ta nuna ta gaji da kayan da ake sa ta sawa, ta gaji da zama abin kallo. Ta tuna wa samarin cewa manyan mawaƙan da suka gabace su, irin su Conway Twitty da George Strait, sun san darajar mace a waƙa. An yi maganar cikin raha, amma saƙon ya isa inda aka aika shi. A bidiyon waƙar kuma aka juya lamarin, aka sa maza suka yi irin shigar da ake sa 'yan mata su yi, don kowa ya gani da idonsa.

Masu sauraro, ku tsaya ku auna wannan kasada. Yara ne 'yan shekara 18. Ba su da kundi ko ɗaya. Waƙarsu ta farko tana ƙalubalantar taurarin da ke riƙe da kasuwa. Kuma gidajen rediyon da ke juya waƙoƙin taurarin nan, su ne ake roƙo su juya tasu. Mai neman shiga gida ba ya fara da gaya wa masu gida laifinsu. Su kuwa da haka suka fara.

Daga ina ƙarfin halin ya fito? A ganina, daga kasancewarsu biyu ne. Mutum ɗaya idan abu ya dame shi, yakan ce ko ni ce na cika ƙorafi. Yakan haɗiye. Amma idan ta juya ta ga ƙawarta ma abin na damunta, shakka ta kau. Abin da ke zuciya ya fito baki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Idan aka yi suka, su biyu za su ɗauka. Idan aka rufe ƙofa, su biyu za su tsaya a waje. Wannan shi ne abin da ƙawance na gaskiya ke ba mutum. Yana ba shi ƙarfin faɗin gaskiya.

Kamfanin Dot Records, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Big Machine na Scott Borchetta, shi ya ɗauke su. Aka saki waƙar a watan Yulin 2014. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin kantiri da aka fi juyawa a rediyo. Rabon da mata biyu masu waƙa tare su yi haka da waƙarsu ta farko tun 2006, lokacin da The Wreckers suka yi. A shekarar da ta biyo baya kuma bidiyon ya ci kyautar bidiyon shekara ta ƙungiyar kiɗan kantiri ta CMA.

Kada ku ɗauka ƙorafin nasu na yarinta ne. A watan Mayun 2015, wani mai ba gidajen rediyo shawara, Keith Hill, ya fito fili ya ce gidan rediyon da ke son masu sauraro ya rage sa waƙoƙin mata. Ya kwatanta maza da ganyen latas a kwanon salak, mata kuma da tumatirin da ake ɗan yayyankawa a kai. Maganar ta tayar da ƙura. Manyan mawaƙa mata irin su Martina McBride da Miranda Lambert suka mayar masa da martani. Wannan ita ce kasuwar da 'yan matan nan biyu suka kawo kundinsu, watanni uku kacal bayan wannan magana.

To, yanzu mu shiga cikin kundin kansa.

Abu na farko da ya burge ni shi ne haƙuri. Daga fitowar waƙar farko zuwa fitowar kundin an yi fiye da shekara guda. Mutane da yawa sun zaci za su cika kundin da irin waccan waƙa ta zolaya, tunda ita ta karɓu. Ba su yi haka ba. Waƙar da suka biyo da ita, mai suna Fly, a hankali take tafiya. Tana lallashin wanda ya fito neman abin kansa, ya gaji, yana tunanin komawa gida. Ita ma ta shiga cikin goman farko a rediyo.

Waƙoƙi 11 ne a kundin, kuma da hannunsu a rubutun kowace ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ya cika da ƙwararrun marubuta masu jiran a sayi waƙarsu. Dann Huff, gogaggen makaɗin jita wanda ya yi aiki da Keith Urban da Faith Hill, shi ya jagoranci haɗa sautin. Ya bar goge da mandolin da jitar katako suna fitowa sarai, bai binne muryoyin a ƙarƙashin hayaniyar na'ura ba. Da kundin ya fito, ya shiga a matsayi na biyu a jadawalin kundayen kantiri.

Me suka rera a ciki? Rayuwarsu suka rera. Waƙar da ta buɗe kundin labarin yarinya ce da ta haɗa kayanta tana jiran jirgi, za ta bar gida ta bi burinta. Wadda ta rufe shi, Downside of Growing Up, tana magana kan ɗacin girma. Ranar da abu zai lalace maka a baƙon gari, ka waiwaya ba uba kusa da zai gyara. Ranar da zuciya za ta karye, ba uwa kusa da za ta rarrashe ka. Duk wanda ya taɓa barin gida don karatu ko ci-rani ya san wannan hali. Akwai waƙa kan wata 'yar makaranta mai cin zalin 'yan'uwanta. Akwai ta barkwanci, Shut Up and Fish, kan saurayin birni da aka je kamun kifi da shi, ya cika mutane da surutu. Sai kuma After the Storm Blows Through, wadda a wurina ita ce ƙashin bayan kundin. Waƙa ce ta aminiya ga aminiyarta da ke cikin baƙin ciki. Ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta ce ta daina kuka ba. Alkawari ta yi mata cewa tana nan, ko ana son magana ko ana son shiru.

Kun ga abin da nake nufi? Kundin 'yan mata ne masu shekara 19 da 20, amma bai tsaya kan samari kaɗai ba. Ya ba gida wuri, ya ba iyaye wuri, ya ba ƙawa wuri. Wanda bai san daɗin aminci ba, ba zai iya rubuta irin wannan waƙa ba. Ƙawancen nan shi ya haifi kundin nan.

Bari in ɗan tsaya a kan muryoyin, domin a nan sirrin yake. Waƙar mutum biyu ta sha bamban da waƙa da amshi irin wadda muka saba. A nan muryoyin biyu tare suke tafiya, kalma ɗaya, lokaci ɗaya, amma kowacce da nata hawan. Galibi Maddie ce ke jan waƙar, Tae na ɗora tata muryar a gefe. Idan abin ya yi kyau, sai ka kasa rarrabe su. A tarihin kantiri, 'yan gida ɗaya aka fi sani da wannan baiwa. Akwai Everly Brothers, wa da ƙane. Akwai The Judds, uwa da 'yarta. Su sun tashi a ɗaki ɗaya, lafazinsu ɗaya. Maddie da Tae ba su gaji wannan ba. Da aiki suka same shi, da yawan zama tare, da sauraren juna.

Ku tuna mata biyu suna lugude. Turmi ɗaya, taɓarya biyu. Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. Idan ɗaya ta yi gaggawa don a ce ta fi ƙarfi, taɓaren su yi karo, hatsi ya zube. Haka waƙar mutum biyu take. Dole ki ji numfashin 'yar'uwarki. Dole ki san inda za ta tsaya tun kafin ta tsaya. Kuma dole wani lokaci ki rage muryarki don tata ta fito.

Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya. Mai murya ta biyu tana aiki daidai da mai jan waƙa, amma ba ita kunne ke fara kamawa ba. Idan akwai hassada a zuciya, a nan za ta fara tsiro. Idan mai jan waƙa ta fara jin ita ce komai, a nan girman kai zai shigo. Saboda haka daɗin muryoyin nan biyu shaida ne kan halin masu su. Ɗaya ta yarda ta tallafa, ɗaya ta san ba ta isa ita kaɗai ba.

To, jama'a, na san akwai mai cewa, malam, ka cika yabo. Ai wannan kasuwanci ne. Kamfani ne ya ga riba a labarin ƙawaye biyu, ya tallata shi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba zan yi watsi da ita ba. Kamfanin waƙa don kuɗi yake aiki. Kuma kamfanonin da suka ci ribar waƙoƙin samarin nan, irinsu ne suka ci ribar waƙar da ta soki samarin. Haka kasuwa take. Sannan gaskiya ne cewa waƙa ɗaya ba ta gyara rediyon kantiri ba. Shekaru bayan haka, mata sun ci gaba da kokawa kan ƙarancin juya waƙoƙinsu.

Amma ga yadda ake gane ƙawancen talla da na gaskiya. Ana gane su ne ranar da riba ta yanke. Ranar kuwa ta zo. Waƙoƙin da suka biyo bayan Fly ba su yi nisa a rediyo ba. A 2017 kuma kamfanin Dot ya rufe. 'Yan matan da aka yi ta tafa wa jiya suka wayi gari ba su da kamfani. A irin wannan lokaci ne mutane ke fara nuna wa juna yatsa. A irin wannan lokaci ne masu zuga ke zuwa, su ja ɗaya gefe, su ce ke ce mai muryar, me kike jira? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tarihin sana'ar cike yake da irin wannan rabuwa. Everly Brothers, duk da jini ɗaya, sun watse a kan dandamali a gaban jama'a a 1973. Sai bayan shekara goma suka sake rera waƙa tare. The Wreckers da na ambata ɗazu, kundi ɗaya suka yi na situdiyo, kowacce ta kama gabanta. Riƙe tafiyar mutum biyu ya fi fara ta wuya nesa ba kusa ba.

Maddie da Tae ba su watse a wannan gaɓa ba. Tare suka nemi sabon gida, suka samu a kamfanin Mercury Nashville. Suka koma ɗakin rubutu. A 2019 Carrie Underwood ta ɗauke su rangadinta, rangadin da mata zalla suka yi waƙa a cikinsa. Kundinsu na biyu, The Way It Feels, bai fito ba sai a watan Afrilun 2020, kusan shekara biyar bayan na farko. A cikinsa akwai Die from a Broken Heart, inda yarinya ke kiran mahaifiyarta a waya bayan soyayyarta ta rushe. A watan Agustan wannan shekara waƙar ta hau matsayi na ɗaya. Sun jira tare, sun dawo tare.

Akwai kuma jarrabawar da ta fi ta kasuwa. Dukansu sun yi aure, Maddie a ƙarshen 2019, Tae a farkon 2020. Mun san yadda aure kan raba ƙawaye, kowacce ta shiga hidimar gidanta. A ƙarshen 2021 suna shirin fita rangadi, sai aka kwantar da Tae a asibiti da juna biyu, ta kuma haihu a farkon 2022 tun lokaci bai yi ba. Aka ɗage rangadin. Waƙa ta jira, kuɗi suka jira, lafiyar uwa da jaririya ta shiga gaba. Alkawarin da suka rera a kundin farko, na tsayawa da aminiya a ranar wuya, rayuwa ta zo ta tambaye su shi.

Shi ya sa ban yarda cewa talla ce kawai ba. Kamfani na iya haɗa mutum biyu a hoto. Ba ya iya sa su riƙe juna bayan ya rufe ƙofarsa. Kuma ko da tafiyar waƙa ta ƙare, ko da kowacce ta kama hanyarta, wannan ba zai goge abin da aka gani ba. Sana'a tana da wa'adi. Abin dubawa shi ne yadda aka zauna, da yadda aka bar juna.

Yanzu, masu sauraro, mu tattara. Me za mu ɗauka daga labarin nan na ƙasa mai nisa?

Ina fara magana da matasanmu, maza da mata, masu waƙa da masu fim da masu ɗinki da masu kowace sana'a ta haɗin gwiwa. Kafin ku haɗa jari, ku haɗa amana. Ku san halin juna tun babu komai a aljihu. Ku yi maganar rabo tun kafin kuɗi su shigo, ku rubuta, ku sa shaidu, domin rubutu yana kare zumunci. Idan an yabi abokinka, ka taya shi murna da zuciya ɗaya. Idan kai aka yaba, ka ambaci sunansa. Wanda duk ya zo maka da maganar cewa ka fi abokinka, ka tambayi kanka me yake nema.

Ina magana da mawaƙanmu da marubutan waƙa. Tambayar da yaran nan suka yi a Nashville ta shafi duk inda ake waƙa. Macen da ke cikin waƙarka, tana da suna? Tana da hankali da ra'ayi? Za ka so a rera wa ƙanwarka ko 'yarka abin da ka rubuta? Kundin Start Here ya nuna ana iya mutunta mace a waƙa, kuma waƙar ta karɓu.

Ina magana da iyaye. Ku san ƙawayen 'ya'yanku da abokansu. Idan kun ga na kirki, ku jawo su jiki, ku ƙarfafa zumuncin. Ranar da yaro zai bar gida, ba ku za ku bi shi ba. Abokin da ya zaɓa ne zai kasance kusa da shi.

Sai kuma kai da ke, da kuke saurarena yanzu. Kowa yana da wani da ya tsaya masa lokacin da ba shi da komai. Wataƙila hidimar duniya ta sa an kwana biyu ba a gaisa ba. Kada a bari sai an ji labarin rashin lafiya ko rasuwa. A ɗauki waya yau a kira. Wanda yake kusa, a taka a je. Idan akwai saɓani, a nemi sulhu tun ana da dama.

Allah ya haɗa mu da abokai na gari, ya sa mu ma mu zama na gari ga waɗanda suka amince da mu.